Dabbar Teku Mai Doro da Kwaɗon Tafki

Ranku ya daɗe hakimai, iyayen ƙasa, da ku malamai masu riƙe da alƙalami a ofisoshinsu.

Zancenmu na yau a kan waɗansu halittu biyu ne waɗanda ba safai a kan haɗa su cikin magana ɗaya ba. Ɗayarsu tana can cikin teku, nauyinta ya fi na giwa shida. Ɗayan kuwa ga shi nan bayan gari, cikin tafki da kududdufi, yaro ma ya iya ɗaukarsa da hannu guda. Ta farkon ita ce babbar dabbar tekun nan da Turawa ke kira wel, Larabawa kuwa hut, musamman irin wadda a ke ce wa mai doro. Na biyun shi ne kwaɗo. Dalilin haɗa su kuwa shi ne wannan: mai doro ta kusa ƙarewa daga duniya, aka tashi tsaye aka cece ta, har ta komo da yawa. Kwaɗo kuwa, wanda kowa ke zaton ba ya ƙarewa, shi ne danginsa ke ta raguwa a ƙasashe da dama. Ya kamata mu san yadda aka yi haka, domin maganin abin da ke damun kwaɗo a hannun irinku ya ke.

Siffar mai doro

Ko da ya ke cikin ruwa ta ke zaune, mai doro ba kifi ba ce. Dabba ce mai jini ɗumi kamar saniya, tana haihuwar ɗa, tana shayar da shi nono. Da huhu ta ke numfashi, saboda haka tilas ta riƙa tasowa kan ruwa ta shaƙi iska ta waɗansu ƙofofi biyu da ke bisa kanta. In za ta nitse sai ta tanƙwara bayanta ya yi tudu, daga nan ne ta sami sunanta.

Tsawon babba ya kan kai ƙafa 50, nauyinta kuwa har tan 40. Hannuwanta na iyo, watau abin da ke gefenta kamar fiffike, su kan kai sulusin tsawon jikinta, ba kuwa wata dabbar teku mai irinsu. Duk da wannan girma ba ta da haƙori ko ɗaya. Abin da ke bakinta waɗansu faifai ne a jere kamar mataji, tsakanin 270 da 400 a kowane gefe, an halicce su da irin abin da aka halicci ƙaho da farce. Ta kan kamfaci ruwa cike da baki, ta tace shi ta tsakanin faifan nan kamar yadda mace ke tace gasara, ruwan ya fita, ƙananan kifaye da 'yan mitsi-mitsin jatan lande su rage ta haɗiye.

Matafiyiya ce ƙwarai. Ta kan yi kiwo a tekun sanyi, kusa da ƙarshen duniya na kudu ko na arewa, ta tara kitse, sa'an nan ta nufo ruwan ɗumi domin barbara da haihuwa. Waɗansu su kan yi tafiyar mil 5,000 zuwa kaɗai, a wurin haihuwar kuwa da ƙyar su ke cin wani abu, kitsen nan ne guzurinsu. Kowace shekara, tsakanin Yuli da Oktoba, waɗanda suka taso daga tekun kudu su kan iso gaɓar Gabon, har a kan gan su a ruwan Nijeriya da Benin da Togo da Gana. Ashe ke nan ba baƙuwa ba ce a wannan sashe na Afirka, mu ne dai muka yi nisa da gaɓa.

Siffar kwaɗo

Kwaɗo shi kuma halitta ce mai zama biyu, rabi a ruwa rabi a tudu. Ba shi da ɗumin jiki na kansa, yadda gari ya ke haka jikinsa ya ke. Macen ta kan zuba ƙwai cikin ruwa, ɗaruruwa ko dubbai a lokaci guda, ƙwan kuwa ba shi da ɓawo. Abin da ke fitowa ciki ba ya kama da uwarsa ko kaɗan: ɗan abu ne mai kai da wutsiya, yana numfashi cikin ruwa kamar kifi. Sannu a hankali ƙafafu su fito, huhu ya tsiro, wutsiya ta shanye, sa'an nan ya hau tudu. A ƙasa irin tamu, inda tafki ba ya daɗewa, duk wannan ya kan ƙare cikin 'yan makonni. In ruwa ya ƙafe kafin lokacin, to, zuriyar wannan shekara ta tafi.

Babban abin lura ga kwaɗo shi ne fatarsa. Ba ya shan ruwa da baki, ta fata ya ke tsotsa, ta fata kuma ya ke samun wani kashi na numfashinsa. Saboda haka duk abin da aka zuba a tafki, mai kyau ko mugu, jikinsa zai shiga kai tsaye. Da rani waɗansu kwaɗi su kan binne kansu cikin laka ko rami su kwanta watanni, sai ruwan farko ya tashe su. Abincin kwaɗo kuwa ƙwari ne: fara, da gara, da ƙudaje, da tsutsotsi, yawancinsu maƙiyan manomi. Shi kuma abinci ne ga shamuwa da zalɓe da macizai da manyan kifaye.

Inda suka yi kama da inda suka rabu

Duk su biyun da iska su ke numfashi, amma ba su iya rayuwa sai da ruwa. Duk su biyun kuma maza ne masu waƙa. Namijin mai doro ya kan rera wata irin waƙa mai tsawon minti 10 zuwa 20, ya yi ta maimaitawa sa'o'i da yawa, mazan yanki guda kuwa duk waƙa ɗaya su ke yi, tana sakewa kaɗan kaɗan daga shekara zuwa shekara. Kukan kwaɗin da mu ke ji da daren damina shi ma na maza ne, suna kiran mata, kowane iri da nasa kukan. Masana su kan gane irin kwaɗin da ke cikin tafki da kunne kawai, yadda su kan gane kowace mai doro da zanen da ke ƙarƙashin wutsiyarta, domin ba biyu masu zane ɗaya.

A wajen haihuwa ne suka rabu nesa. Mai doro ta kan ɗauki ciki wata 11 zuwa 12, ta haifi ɗa guda, ta yi renonsa kusan shekara, sa'an nan sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Ɗan kuwa sai ya shekara biyar ko fiye kafin ya isa haihuwa. Kwaɗo shi ba ya reno, yawa ne dabararsa: a zuba dubu, kaɗan su tsira. Wanda ya dubi wannan lissafi zai ce lalle mai doro ce ke cikin haɗari, kwaɗo kuwa ba abin da zai taɓa shi. Ga yadda abin ya kasance.

Yadda aka kusa ƙarar da mai doro

Kitsenta ne ya jawo mata. A kan narka shi a sami mai, a yi fitila da sabulu, daga baya har da man shafa wa burodi. Tun da can a kan farauce ta da ƙananan jirage da masu, amma ɓarnar ba ta yi yawa ba sai da wani mutumin Norwe, Svend Foyn, ya ƙago igwa mai harba mashi da albarushi a kansa, wajen 1870. A 1904 aka kafa masana'antar narka kitse a Grytviken, cikin tsibirin Jojiya ta Kudu, daga 1925 kuwa aka fara aiki da manyan jirage waɗanda ke jawo dabbar ciki su feɗe ta a tsakiyar teku. Mai doro ce aka fara cimma, domin ba ta da sauri, kuma tana son bin gaɓa. A gaɓar Gabon ma an yi wannan farauta daga 1912 har zuwa 1959. Cikin ƙarni na 20 an kashe fiye da 200,000 a tekun kudu kaɗai. Garken da ke haihuwa a gaɓar Brazil, wanda masana suka ƙiyasta ya kai 27,000 a 1830, bai wuce kamar 450 ba a shekarun 1950.

A nan akwai wani labari da na ke so malamai su saurara da kyau. A 1946 ƙasashe suka sa hannu kan yarjejeniya a birnin Washington, aka kafa hukumar duniya mai kula da wannan farauta, kowace ƙasa kuwa sai ta riƙa aika mata lissafin abin da ta kashe. Jiragen Tarayyar Sobiyat, tsakanin 1947 da 1973, sun kashe mai doro fiye da 48,000 a tekun kudu, amma abin da aka rubuta wa hukuma 2,710 ne. Ba a san gaskiyar ba sai 1993, sa'ad da wani masani ɗan Rasha, Alexey Yablokov, ya bayyana ta, da taimakon ainihin takardun da waɗansu masana da suka yi aiki cikin jiragen suka ɓoye. Shekara da shekaru hukuma tana shawara bisa lissafin ƙarya, dabbar kuwa tana ƙarewa. Ku dubi irin ɓarnar da alƙalami ya iya yi, ku dubi kuma amfanin mutumin da ya adana takardar gaskiya.

Yadda aka cece ta

An hana farautar mai doro a arewacin tekun Atlantika a 1955, a tekun kudu a 1963, a arewacin tekun Pasifik kuwa a 1966. A 1970 wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya fitar da faifan garmaho mai ɗauke da waƙarta, mutane da yawa suka saya suka ji, tausayinta ya shiga zukata. A 1982 hukumar nan ta yanke shawarar dakatar da farautar kowane irin wel domin ciniki, aka fara aiki da shawarar a 1986.

Da aka ajiye mashi sai dabbar ta farfaɗo da kanta. Garken Brazil ɗin nan na 450, binciken da aka buga a 2019 ya nuna ya kai wajen 25,000. A 2008 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, watau IUCN, ta fitar da mai doro daga jerin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. Ba a ce wahalarta ta ƙare ba. Har yanzu ta kan sarƙe cikin tarun masunta, jirage su kan buge ta, garken tekun Arebiya kuwa bai kai ɗari ba. A arewacin Pasifik ma yawansu ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 tsakanin 2012 da 2021, bayan ruwan ya yi zafi abinci ya yi ƙaranci. Amma duk da haka wannan yana cikin manyan nasarorin da aka samu wajen kare dabbobi.

Halin da kwaɗi ke ciki

A 2023 masana suka buga sakamakon binciken da suka yi kan iri 8,011 na kwaɗi da danginsu masu zaman ruwa da tudu. Suka tarar kashi 41 cikin 100 suna cikin haɗarin ƙarewa. Ba wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya, ko tsuntsaye ko masu shayarwa, da ya kai su shiga uku.

Babban dalili shi ne rashin wurin zama: a cike tafki, a janye ruwan fadama, a sare kurmi. Sa'an nan ga guba da ke gangarowa daga gonaki, ga sakewar yanayi da ke sa ruwa ya ƙafe da wuri. Ga kuma wata cuta, irin ta funfuna, wadda aka gano a 1998. Fata ta ke kamawa, kwaɗo kuwa kun ji fata ce ransa. Binciken 2019 ya ɗora mata alhakin raguwar iri 501, cikinsu 90 ana zaton sun ƙare ƙaf. A Kosta Rika akwai wani kwaɗo mai launin zinariya wanda ba a sake ganinsa ba tun 1989. A Tanzaniya akwai wani ɗan ƙarami da ke zaune cikin feshin ruwan da ke zubowa daga dutse a Kihansi. Da aka gina madatsar ruwa feshin ya ragu, a 2009 aka ba da sanarwar ya ƙare a daji, sai waɗanda aka kiwata a gidajen dabbobi na Amurka aka komo da su a 2012.

Kada a ce wannan sai kwaɗin duwatsu da kurmi. A Ingila akwai wani kwaɗon tafki wanda aka daɗe ana ɗauka baƙo ne da aka shigo da shi, ba wanda ya kula da shi. Aka yi ta janye ruwan fadamun da ya ke zaune, har ya ƙare a shekarun 1990. Sai a bayan nan bincike ya tabbatar ɗan ƙasa ne tun asali, tilas aka tafi Suwidin a 2005 aka ɗebo irinsa aka zuba a tafkunan Norfolk. Indiya kuma ta shekara da yawa tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, har aka lura kwaɗi sun ragu a gonakin shinkafa, aka ji tsoron yawaitar ƙwari, ta hana fitar da su a 1987.

Abin da ya sa aka sami bambanci

Abin da ke kashe mai doro abu ɗaya ne, mashi, masu riƙe da shi kuwa 'yan ƙasashe ne da kamfanoni waɗanda za a iya tarawa a ɗaki guda. Gidanta, watau teku, yana nan bai tafi ko'ina ba. Da aka hana kisa, sauran aikin ita ta yi abinta. Kwaɗo kuwa yawanci ba da niyya a ke kashe shi ba. Gidansa a ke rushewa, tafki ɗaya yau, fadama ɗaya gobe, kowa da ɗan dalilinsa. Ƙwai dubu ba su da amfani in ba ruwan da za a zuba su. Ga shi kuma ba shi da girman da zai ja ido, in ya ɓace daga gari ba mai kai ƙara. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, wadda aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971, amma ba taron duniya da zai san kududdufin da ke bayan kasuwar ƙauye. Dagaci ne ya san shi, da mai unguwa, da hakimi.

Abin da ya shafe mu

Babban kwaɗon tafkunanmu ba ya cikin jerin masu haɗari a yanzu, sai mu gode wa Allah. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ambaliyar da ke cika fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga garuruwa suna ta cin tafkunan da ke kewaye da su, ga kuma fatauci na busassun kwaɗi da a ke kai wa kasuwannin kudu. A Kamaru, maƙwabciyarmu, kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, mai nauyin fiye da kilo uku, ya riga ya shiga jerin masu haɗari saboda farauta da saran kurmi.

Wani zai ce, ai an sha gaya mana ruwa kwance shi ne gidan sauro. Gaskiya ne, ba kuwa a janye wannan magana ba. Amma sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwaye: sawun shanu, da ramin da aka ɗebi ƙasa, da 'yan kwatamai da ke cikin gari. Waɗannan a cike su, a kuma ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Tafki mai rai na bayan gari, wanda ke da kifi da kwaɗi da ƙwarin ruwa masu cin tsutsar sauro, wannan dabam ne, shi ne kuma mashayar dabbobinku.

Saboda haka ga abubuwa huɗu da na ke roƙonku, ranku ya daɗe.

Na ɗaya, a ja kunnen jama'a kada a wanke tulun feshi ko a zubar da ragowar maganin ƙwari a tafki ko rafi, a kuma hana kamun kifi da guba. Gubar da ta kashe kwaɗo ba za ta bar tunkiya ba, balle yaron da ya sha.

Na biyu, in ana rabon filaye, a dubi tafkin da ke wurin kafin a sa hannu. In da hali a bar shi, a bar masa ɗan ciyayi a gefe. Tafkin da aka cike aka yi gini a kai, ruwansa ba ya fasa zuwa, gidajen mutane zai nema.

Na uku, inda a ke kamun kwaɗi domin sayarwa, a zauna da masu sana'ar a daidaita, su ɗaga ƙafa a farkon damina lokacin da a ke zuba ƙwai. Su ne za su fara cin ribar haka.

Na huɗu naku ne, malamai. Ku buɗe shafi a littafin gunduma, ku rubuta sunan kowane tafki, da ranar da ya cika, da ranar da ya ƙafe, da daren da aka fara jin kukan kwaɗi. In aka wayi gari aka ga kwaɗi ko kifaye sun mutu da yawa a wuri guda, ku rubuta ranar, ku sanar da ma'aikacin lafiya da malamin gona nan da nan, a kuma tsare mutane da dabbobi daga ruwan. Abin da kuka gani shi za ku rubuta, ba ƙari ba ragi, ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Bayan shekara goma wannan shafi zai gaya wa hakimi abin da ba wani baƙon masani da zai iya gaya masa.

Mai doro sai da ƙasashen duniya suka taru kafin ta tsira. Kwaɗon tafki bai bukaci haka ba, umurnin hakimi da alƙalamin malami sun ishe shi, muddin an yi tun ruwa bai ƙare ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ja zamaninku, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu.